Ga masu fassara: kada inci ya ruɗe ku

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Masu fassara da ɗalibanmu masu shirin jarrabawa, in kun ci karo da "inch" a karin maganar Turanci, ku ajiye abin awo. Inci santimita 2.54 ne, amma a irin wannan wuri ƙanƙanta kawai Bature yake nufi.

In ya ce "he won't budge an inch", mutum ya kafe ne, ya ƙi sassautawa ko kaɗan. "Give him an inch and he'll take a mile" kuwa ta mutumin da in an sake masa fuska sai ya wuce gona da iri ce. Mil ɗaya inci 63,360 ne, kun ga girman zarin! Wadda ta fi kayar da mutane ita ce "every inch a king": ba tsawon sarki ake aunawa ba, cewa ake yi sarki ne daga sama har ƙasa, ba abin da ya rage.

Haka "ounce", wajen giram 28. "An ounce of prevention is worth a pound of cure" kada ku wahala, rigakafi ya fi magani ce tamu. Wallahi raina yana ɓaci in ga an rubuta "oza ɗaya na rigakafi".