Kurakuran da aka fi yi wajen binciken barbarar furanni a kan tsaunuka

Babban kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya hango ƙwaro a kan fure, shi ke nan ya rubuta wai ga mai barbarar. A'a fa. Wani ƙwaron ɓarawo ne kawai, ta gindi yake huda furen ya tsotse ruwan zaƙin ya yi gaba, ko kusa da garin furen bai je ba. Ka kama shi ka duba jikinsa da gilashin ƙara girma, akwai garin ko babu, kuma da ya sauka ya taɓa kan macen furen, wato sashen da ke karɓar garin?

Sai masu hawa dutse da kudan zuma kaɗai a ransu. Duk mita 1,000 da ka hau zafi na raguwa da kusan digiri 6, kudan zuma kuma ba ya son sanyi, shi ya sa can sama ƙudaje da tsuntsaye ke karɓe aikin da yawa. A Dutsen Kenya manyan tsirran nan masu suna Lobelia ƙananan tsuntsaye masu dogon baki ne ke ziyartarsu. Ciyawa kam iska ce ke mata, kada ka ɓata lokaci kana jiran ƙwaro. Kuma zaman tsakar rana kaɗai bai isa ba, fure fari mai ƙamshi da yamma sau da yawa baƙinsa na dare ne, sai ka koma da tocila.

Inda aka fi kwafsawa dai wajen ɗaure jaka ne. Ana so a gane ko tsiron na iya yin iri shi kaɗai, sai mutum ya rufe furen da ya riga ya buɗe, alhali wataƙila tun da sassafe wani ya rigaka zuwa, to me ka gwada kenan? Tun yana toho ake rufewa, kuma da raga mai shan iska, leda tana tara raɓa furen ya ruɓe ka zo kana cewa bai yi iri ba. Ka bar wasu a buɗe don kwatantawa, wasu ka shafa musu garinsu da hannu, wasu ka kawo na wani tsiron. Shi ma wani tsiron daga nesa za ka ɗebo, don na kusa zai iya zama saiwa ɗaya ce ta yaɗu, ka ga garin kansa ka ba shi ba ka sani ba.

In ya yi iri a cikin jaka ma kada ka yi saurin cewa ya barbari kansa. Akwai masu yin iri ba barbara sam, kamar wani tsiro mai suna Miconia albicans a Brazil. Sai ka cire mazan furen, wato sassan da ke fitar da gari, tun a toho, ka rufe, ka gani.

Ƙirgan 'ya'ya kaɗai ma yaudara ce, fasa su ka ƙirga irin da ya cika, ban da holoƙo.