Amosanin gaɓɓai: inda ake ɓata magani da gashin ƙashi

Na gaji da ganin mata suna shigowa ɗakin gashin ƙashi na asibiti yatsu sun riga sun karkace. Ciwon nan ba sanyin tsufa ba ne. Shi ne rumatoyid, wanda garkuwar jiki ke juyowa ta afka wa gaɓɓai: yatsun hannu biyu su kumbura tare, a tashi da asuba hannu ya sandare sama da rabin awa. Mata ya fi kamawa, ninki 2 zuwa 3.

Kuskuren da ya fi ƙona mini rai shi ne ajiye methotrexate, maganin da likita ke bayarwa, a koma wa prednisolone da diclofenac na kemis, masu kwantar da zafi da kumburi. Methotrexate yakan ɗauki mako 6 zuwa 12 kafin a ga aikinsa, shi ne kuma yake tare cutar daga tushe. Yayata ba ta jira ba. Ta ce maganin asibiti ba ya yi, wani mai kemis ya riƙa haɗa mata ƙwayoyi a leda. Zafi ya lafa kuwa, ta yi murna, amma fuska ta kumbura, sukari ya hau, gyambon ciki ya biyo baya, cutar kuma tana can tana cin gaɓa. Yau ba ta iya riƙe muciya, ɗaurin zani sai 'yarta ta taya ta. Ni da gashi ne sana'ata ba abin da na iya mayar mata, don gaɓar da cutar ta cinye ba ta dawowa.

Kuma don Allah ku ji da kyau: methotrexate sau ɗaya ake sha a mako, ba kullum ba. An rasa rayuka a kan wannan ruɗanin. Ni Juma'a nake sa a zaɓa, don ba a manta ta, folik asid kuma, ƙwayar da ake bayarwa tare da shi don rage illarsa, a wata rana daban. Ba a haɗa shi da Septrin. Mai ciki ko mai neman haihuwa ba ta shansa. Gwajin jini da na hanta kuwa ba ɓarnar kuɗi ba ne.

Sai gashin kansa. Wasu su kai gaɓa mai zafi da kumburi wajen mai tausa ko maɗori, a ja, a murza, wai ana warware jijiya. Haba! Wa ya ce ana danne gaɓar da ke ci da wuta? Wasu kuma su kwanta, su daina motsi gaba ɗaya har gwiwa ta ƙi miƙewa. Abin da nake sa masu zuwa wurina: da safe a tsoma hannu cikin roba da ruwan ɗumi, sannan a dunƙule a buɗe a hankali, babban yatsa ya taɓa kan kowane ɗan yatsa. Ranar da ciwo ya tashi, a rage motsa jikin, a sa tsumma mai sanyi, amma a ɗan motsa ko yaya ne. In zafi ya wuce awa 2 bayan motsa jiki, an zarce. Gobe a sassauta.

Prednisolone ba a yanke shi rana ɗaya, likita ne ke rage shi sannu-sannu. Mai shan hydroxychloroquine, wani maganin wannan cuta, ta riƙa zuwa gwajin ido. Taba tana ƙara cutar, tana kuma rage wa magani ƙarfi. Takalmin roba mai santsi ma a ajiye shi, a nemi mai taushin ƙasa da ke riƙe diddige.