Kafin a kai shi asibiti, me za ka yi?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya wajen tsohuwar kasuwa wani dattijo ya yanke jiki ya fadi, mutane suka yi mai caa, wasu na salati wasu na kwara mai ruwa, har da mai daukar bidiyo, wallahi babu wanda ya duba ko yana numfashi. Abin ya tsaya min a rai.

In mutum bai amsa ba kuma ba ya numfashi, a kwantar da shi rigingine a kasa mai tauri, ka dora hannu bisa hannu a tsakiyar kirjinshi ka rika dannawa da karfi, zurfin santimita 5, kamar sau 100 zuwa 120 a minti daya, kar ka tsaya sai taimako ya zo ko ya fara numfashi. Kwakwalwa na fara lalacewa bayan minti 4 zuwa 6 ba iska, kafin a samu mota zuwa asibitin koyarwa na UDUTH da ke Sakkwato lokaci ya kure.

Don Allah kar a dura ma wanda ya suma ruwa, zai shake. 'Yan Red Cross suna koyar da wannan, 'yan kabu-kabu da malaman islamiyya ku je ku koya.