Yadda za ka koyi gwajin kimiyya alhali kana karatu daga gida

Ni malamin fiziks ne a makarantar sakandare, kuma ɗalibaina da dama da suka gama sun shiga jami'ar karatu daga gida ta NOUN. Tambayarsu kusan ɗaya ce: "Malam, kundin darasi muna karantawa, amma gwaji fa?" Amsar da nake ba su ita ce, kwanakin da za a tara ku a ɗakin gwaje-gwaje kaɗan ne, ba za su isa hannu ya saba ba. Dole ka koya wa hannunka awo tun a gida. Wannan ba sabon abu ba ne. Jami'ar Open University ta Ingila, da aka kafa a 1969, akwatunan kayan gwaji ta riƙa aika wa ɗalibanta har gida ta gidan waya.

Ka fara da sayen littafi mai kauri, na gwaji kaɗai. Kwanan wata, abin da ka auna, da me ka auna shi, duk ka rubuta da biro a lokacin da kake yi. Adadin da ya fito a karkace kada ka goge shi. Ja masa layi ɗaya, ka rubuta dalili a gefe.

Gwajin da na fi son a fara da shi shi ne lilon zare. Ka samu zare mai ƙwari, ka ɗaura masa noti mai ɗan nauyi, ka rataye a ƙusa inda iska ba ta kaɗawa. Da tef ɗin tela za ka auna tsawo, daga ƙusar zuwa tsakiyar notin, ba samansa ba, nan ne mutane da yawa ke ɓata lissafinsu. Ja notin gefe kaɗan, kada ya wuce digiri 10, ka sake shi ba tare da turawa ba. Kada ka auna zuwa da dawowa ɗaya, domin yatsanka kan makara wajen danna agogon waya da kusan kashi biyu cikin goma na daƙiƙa. Ƙirga 20, ka raba lokacin gida 20. Zare mai tsawon mita ɗaya zai ba ka kusan daƙiƙa 40, wato daƙiƙa 2 kowane zagaye. Ka maimaita sau uku, sannan ka rage zaren zuwa santimita 80, da 60, da 40. Ninka lokacin zagaye ɗaya na kowane tsawo da kansa, ka zana shi a takardar giraf daura da tsawon zaren. Miƙaƙƙen layi zai fito, kuma daga gangarensa za ka fitar da ƙarfin jan ƙasa, wanda littafi ya ce kusan 9.8 ne. Idan 9.5 ka samu, 9.5 za ka rubuta. Zama ka gano inda ragowar ta salwanta, ko a tef ne ko a yatsa, shi ne ainihin darasin, kuma shi ne abin da kwafar rahoton wani ba zai taɓa ba ka ba.

A ɓangaren kemistiri, zoɓo na nan. Jiƙa shi a ruwan zafi ka tace, ka zuba a ƙananan kofuna masu haske. Lemon tsami zai mai da shi ja mai haske, ruwan kanwa kuma zai juya shi ya yi duhu, ya karkata zuwa kore. Sayi sirinji marar allura a kemis, ka riƙa ɗiga ruwan lemon a kofin mai kanwa mililita ɗaya-ɗaya kana juyawa, har launin ya dawo. Kumfar da za ka gani iskar kabon ce ke fita. Haƙurin ɗiga ruwa da sa ido kan launi shi ne dai za a nema a wurinka ranar da aka ba ka bututun awo na gilashi.

Manhajojin kwaikwayon gwaji na PhET, na Jami'ar Colorado a Amurka, kyauta ne, ana iya sauke su a yi aiki ko babu intanet. Suna da amfani wajen haɗa wayoyin lantarki kafin ka taɓa na gaske. Sai dai a cikinsu waya ba ta yin sako-sako, batir ba ya sanyi, don haka ban ɗauke su madadin hannu ba.

Akwai abin da ba a yi a gida ko kaɗan. Ruwan batir na mota, da duk wani sinadari mai ƙuna, da wutar soket, a bar su sai gaban mai kula da ɗakin gwaji. Batirin tocila ya ishe ka.

Da zarar an buɗe zango, je cibiyar karatunku da kanka ka tambayi ranakun gwaji da wurin da za a yi, ka nemi izini a wurin aiki tun da wuri. Karanta takardar kowane gwaji a daren da gobe za a yi shi, ka zana teburin adadi tun daga gida. Idan an raba ku rukuni-rukuni, kada ka yarda a bar ka da rubutu kawai. Karɓi kayan ka auna da kanka, ko da sau ɗaya ne a kowane gwaji.