Yadda za ka shirya hutun keke a Turai, ka kama gidan haya, ka hau dutse da ƙarfin ƙafarka

In kana cikin masu zama gaban talabijin a watan Yuli suna kallon tseren keke na Tour de France har ranka ya fara raya maka kai ma ka je ka taka titunan nan, toh abu ne mai yiwuwa, don titunan na kowa ne, babu tikiti babu mai gadi, ranar da babu gasa ko manomi da taraktarsa nan yake bi. Matsalar dai mutane suna tsara tafiyar ne da abin da suka gani a allo, ba da abin da cinyarsu za ta iya ɗauka ba.

Fara zaɓen wuri daidai ƙarfinka. In ba ka saba da doguwar tafiya ba, ko da iyali za ka, nemi shimfiɗaɗɗiyar hanya, kamar wadda ta bi gefen kogin Danube daga Passau ta Jamus zuwa Biyana ta Ostiriya, kilomita ɗari uku da 'yan kai ce, mutane kan cinye ta cikin mako guda a tsanake. In kuma hawa kake so, tsibirin Mayorka na Sifen shi ne makarantar kowa, daga Fabrairu zuwa Mayu ko Satumba da Oktoba. Ka sauka a Port de Pollença ko Alcúdia, daga nan hanyar Cap de Formentor tana kusa, sannan ga hanyar dutsen Sa Calobra, kilomita tara da rabi mai kwana-kwana, kuma abin da ya sa nake cewa a yi hattara da ita shi ne sai ka fara gangarawa bakin teku tukuna, hanyar a nan ta ƙare, dole ka juyo ka hau abin da ka sauko ko kana so ko ba ka so. Manyan duwatsun Faransa kuwa ka bari sai tsakanin Yuni da Satumba, kafin nan wasu hanyoyin saman dusar ƙanƙara ta rufe su.

Shawarata ka kama gida ɗaya ka zauna, kullum ka fita ka zagayo ka dawo, ya fi maka sauƙi a kan yawo da kaya gari-gari. A Airbnb ko Booking.com kar hoton falo ya ruɗe ka, tura wa mai gidan saƙo ka tambaye shi ina ake ajiye keke, ɗaki ne mai makulli ko tsakar gida ce kawai, kuma ya yarda a shigo da shi ciki? A hawa na nawa gidan yake, akwai lifta? Tsofaffin gidajen tsakiyar gari kamar na birnin Jirona a Sifen matattakalarsu matsattsiya ce, ka dawo daga kilomita ɗari a galabaice sannan ka saɓa keke a kafaɗa zuwa hawa na huɗu da takalmin keke mai santsi, wallahi rana ta biyu za ka tsani gidan. Tambayi injin wanki, don wandon keke kullum ake wanke shi, in ba haka ba ƙuraje ne za su fito maka inda ba ka iya nunawa kowa. Duba jimillar kuɗin a shafin ƙarshe, akwai na shara, akwai harajin baƙi, wani har kuɗin ajiya yake karɓa. A Mayorka da yankin Kataloniya gidan hayar 'yan yawon buɗe ido yana da lambar lasisi da ake rubutawa a jikin tallan, in babu tambaya. Duk wanda ya ce ku fita daga manhajar ka tura masa kuɗi kai tsaye zai rage maka, rabu da shi.

Takardu a taƙaice: in fasfonka na buƙatar bizar Shengen, za su nemi shaidar masauki da inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000, sai ka karanta ka tabbata inshorar ta haɗa da hatsarin keke. Lambar gaggawa 112 ce.

Keke kuma, in mako ɗaya ne haya ta fi, ɗauko naka a jirgi sai da akwati na musamman da ƙarin kuɗi da fargabar yadda za a wurgo shi. Yi bukin tun da wuri, auna tsayin sirdinka daga gida, taho da fedarka da takalminka da hular kwano, in hali ya yi har da sirdin da mazauninka ya saba da shi. Ka ce a ba ka mai giya mai laushi ta hawa, babu abin kunya a nan. Kafin ka bar shagon matsa birki ka ga wane hannu ne na gaba, a yawancin Turai hagu ne, a Ingila dama, wanda ya damƙe na gaba da ƙarfi a gangara ta saman kan keken zai wuce. A Sifen hular kwano dole ce in ka fita wajen gari.

Yanzu maganar da ta fi damuna. Za ka isa gindin dutsen Alpe d'Huez a garin Bourg-d'Oisans na Faransa, kilomita 13.8, lanƙwasa 21 kowacce da allonta da lamba da sunan wani da ya taɓa cin tsere a nan, sai ka ji an ce ɗan tseren Italiya Marco Pantani ya haye shi cikin minti 37 da 'yan daƙiƙu a 1997, kai kuma awa ɗaya da rabi ta wuce kana lanƙwasa ta biyar kana haki. Kar ka auna kanka da wannan lokacin. Ban da cewa tsere shi ne aikin su Pantani, zamanin EPO ne, allurar da ke sa jiki ya ƙara yawan jajayen ƙwayoyin jini, iska ta fi isa tsoka, mutum ya yi ta hawa kamar an ɗaura masa inji. Jinin kuma sai ya yi kauri, shi ya sa a 1997 hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta sa iyaka cewa jajayen ƙwayoyin kar su wuce kashi 50 na jini, kuma da wannan dokar aka cire shi Pantani ɗin daga Giro, babban tseren Italiya, na 1999 yana kan gaba saura kwana biyu a gama. A 1998 an kama Willy Voet, ma'aikacin ƙungiyar tseren keke ta Festina, a iyakar Beljiyam da Faransa da mota maƙare da magunguna, abin da ya kai ga kafa WADA, hukumar yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni ta duniya, a 1999. Lance Armstrong ya ci Tour bakwai a jere daga 1999 zuwa 2005, a 2012 aka ƙwace duka, a Janairun 2013 ya amsa da bakinsa a hira da Oprah Winfrey. Tun 2008 akwai fasfon jini da ke bin sauyin jinin ɗan tsere a kan lokaci, abin ya ragu, amma ni dai ban cika rantsuwa a kan kowa ba.

In ka hau dutsen Mont Ventoux na Faransa ta ɓangaren garin Bédoin, kilomita 21, can sama babu bishiya ko ɗaya sai farin dutse da iska, kusan kilomita ɗaya kafin ƙololuwa za ka ga dutsen tunawa da Tom Simpson ɗan tseren Birtaniya, mahaya na ajiye masa gorar ruwa da hula. A wurin ya faɗi ya mutu ranar 13 ga Yulin 1967 ana tseren Tour cikin tsananin zafi, aka samu amfetamin da barasa a jikinsa, yana da shekara 29. Ƙwayar ta toshe masa jin gajiyar da ya kamata ta tsayar da shi. Saboda haka kar ka sha wani abu don ka danne ciwo ka ci gaba da hawa, musamman tramadol, wanda UCI ta haramta a gasa tun 2019 don yana kawo jiri da gyangyaɗi, ga gangara tana jiran ka a bayan dutsen. In akwai maganin da likita ya ɗora ka a kai taho da takardarsa, in kuma za ka shiga gasar 'yan sha'awa irin L'Étape du Tour duba jerin WADA tukuna, don wasu magungunan mura ma suna ciki.

Ranar hawa fita da sassafe da gora biyu, ci wani abu duk bayan minti arba'in ko ba ka jin yunwa, sa rigar iska a aljihun baya don saman da sanyi ko da ƙasa na ƙuna. Rana ta farko gajeren zagaye kawai za ka yi ka gwada keken, babban dutsen sa shi rana ta uku, ta huɗu ka huta, sannan ka bar rana ɗaya a sake ko da ruwa zai ɓata maka lissafi.