Yadda Ake Sauya Fayil ɗin Zanen Gini Daga SketchUp Zuwa Blender

Mai zanen gidaje a Gombe da ke son nuna wa mai gida kamannin gininsa a Blender (manhajar kwamfuta mai fitar da hoton zane kamar na gaske), sai ya fara share layukan awo daga zanensa na SketchUp (manhajar zana gini a kwamfuta), sannan ya fitar da fayil ɗin a tsarin FBX ko OBJ, wato nau'o'in fayil da Blender ke iya buɗewa.

Babban abin kula shi ne ma'auni. Na taɓa ganin bene ya ninka girmansa sau 1,000 saboda an zana shi da milimita, an karanta shi da mita. Idan OBJ aka zaɓa, a haɗa shi da fayil ɗin MTL (mai ɗauke da bayanan launi) da hotunan fenti da tayil wuri guda, in ba haka ba bangon zai fito babu launi.