Darasi na 7: Baƙon Yankari da Ƙauyen Bakin Daji

Gandun dajin Yankari yana ƙaramar hukumar Alkaleri a jihar Bauchi, faɗinsa murabba'in kilomita 2,244. An keɓe shi a 1956, aka fara karɓar masu yawon buɗe ido a 1962. Abin da ke kawo su shi ne giwa da ɓauna da gwanki da dorina, sai kuma ruwan ɗumi na Wikki, wanda ɗuminsa ke tsayawa a digiri 31 rani da damina. Wannan darasi na mutanen ƙauyukan da ke bakin irin wannan daji ne: yaya za a ci moriyar baƙi ba tare da an kori abin da ya kawo su ba?

A fara da sanin lokaci. Da damina ciyawa takan fi mutum tsawo, ruwa yana ko'ina, dabbobi sun watse. Amma idan rani ya yi, daga wajen Disamba zuwa Afrilu, kududdufai sukan ƙafe, sai dabbobi su taru a bakin kogin Gaji, musamman da sassafe da kuma bayan la'asar. A lokacin ne aka fi ganinsu. Ku lura, daidai lokacin ne kuma aka gama kaka, samari suna ɗaure kaya za su tafi cin rani birni. Saurayin da ya san sawun giwa da kashinta, ya san sunan kowane icce, yana da abin da baƙo zai biya kuɗi ya ji. Ilimin da mafarauci yake kashe dabba da shi, da shi ɗan jagora yake nuna ta, ita kuma ta rayu a sake nuna ta gobe.

Sai ladabin kallo. Ba a shiga daji sai da ma'aikacin gandu, ba a sauka daga mota, ba a ihu, ba a kusantar giwa mai ɗa. Kada a ba gwaggon biri abinci. Wanda ya taɓa zama a masaukin Wikki ya ga yadda suka waye: ka ajiye leda ka juya, ya fizge ta ya haye bishiya yana yagawa. Mutane ne suka saba musu. Leda da robar ruwa a tattara su a fito da su.

Ga inda maganar ta fi nauyi. Wani dattijo zai iya tashi a aji ya ce, "Malam, giwar da kake yabo, a dare ɗaya ta cinye mini masarar shekara." Amsar ita ce, "Gaskiyarka, Baba." Mutumin da aka tattake wa gona ba zai so giwa don an yi masa wa'azi ba. Zai so ta ne ranar da kuɗin baƙi ya gyara rijiyar garinsa, ranar da matarsa ta sayar da masa da tabarma da zuma a bakin ƙofa. In ba haka ba, wanda ke ɗana tarko da mai toya gawayi da mai cinna wa daji wuta za su sami masu rufa musu asiri.

Saboda haka gari ya kafa kwamiti a gaban mai gari, da manoma da makiyaya da mata da mafarauta. A sayi littafi guda. Duk abin da ya shigo a rubuta, duk abin da ya fita a rubuta. Ɓarnar giwa ma a rubuta ranarta da sunan mai gona, a kai wa hukumar gandu. Nan karatunku zai yi rana, domin kuɗin da ba a rubuta ba shi ke raba 'yan uwa.

Aikin gida: A ce baƙi 12 sun zo, kowa ya ci abincin naira 1,500. Nawa aka samu? In an ware kashi ɗaya cikin goma don asusun gari, nawa ke nan? Sannan ku rubuto sunayen dabbobi biyar da kakanninku suka sani a dajinku, ku ja layi a ƙarƙashin waɗanda ba a ganinsu yanzu.